Ranar Da Aka Girgiza Mini Kwalbar Cahors

Kun dai san ni ban taɓa kai giya bakina ba, amma aikin kai abinci tebur a wani gidan abinci a birnin Tulus na Faransa ya sa na haddace ta kamar karatun jarrabawa. To, wani dattijo ya yo waya tun ana jibi zai zo, ya ce a tanadar masa kasule da tsohuwar kwalbar Cahors.

Cahors jar giya ce mai nauyi daga kwarin kogin Lot a kudu maso yammacin Faransa, duhunta ya sa ake ce mata baƙar giya. Doka ta ce aƙalla kashi 70 cikin ɗari na inabinta ya zama Malbec, sauran Merlot ko Tannat. Baurinta yawa gare shi, shi ya sa sai abinci mai maiƙo ke iya mata: kasule, wato farin wake da cinyar agwagwa da aka dafa cikin kitsenta. Kitse da nama su ke kwantar da baurin. Aka haɗa ta da kifi sai baki ya yi ƙarfe-ƙarfe, aka haɗa ta da yaji sai zafin ya ninka.

Tsohuwar kwalba kuwa laka take tarawa. Don haka na tayar da ita tsaye tun jajibiri, lakar ta kwanta a gindi, na aje ta inda sanyi bai wuce digiri 16 zuwa 18 ba. Saura a ɗauko ta a hankali, a kunna kyandir ƙarƙashin wuyanta, a tsiyaye cikin tulun gilashi, da an hango laka ta nufo wuya a tsaya.

Sai na aiki yaron nan namu na Maraɗi ya ɗauko mini ita. E, shi dai, wanda na yi wa hanya aka ɗauke shi wanke-wanke, wanda har yau bai maido mini da rigar sanyina ba, kuma duk randa na yi magana sai ya ce tana wurin wanki. Wane irin wanki ne tun hunturun bara?

Na kunna kyandir, na gyara tsayuwa, na shiga zuba wa dattijo tarihi: yadda sanyin 1956 ya kashe yawancin gonakin inabin Cahors, yadda aka ba giyar lambar asali, wato shaidar hukuma cewa daga yankin take, a 1971, yadda Malbec ya ƙetare zuwa Ajantina ya yi suna a can. Yana gyaɗa kai, matarsa na kallona da sha'awa. Ina tsiyayewa ina jiran laka ta iso wuya. Ba ta iso ba. Ina za ta iso, alhali ta riga ta gauraye kwalbar gaba ɗaya?

Dattijo ya kurɓa. Ya yi shiru. Sai na ga yana taunawa. Jama'a, abin sha ake taunawa! Ya sa harshe ya zagaye haƙoransa, ya ɗauki farin tsumman tebur ya goge baki, ya buɗe shi a hankali ya shimfiɗa gabana, ga baƙin tsaki-tsaki. Ya ɗaga kofin wajen kyandir ɗin da ni na kunna, don kowa ya gani. Na ce, "Mushe…", wato Yallaɓai da Faransanci, sauran maganar ta maƙale. Matar ta tambaye ni cikin ladabi ko wannan ma yana cikin tarihin.

Na faɗa kicin na ritsa yaron. Ko gezau. "Yaya, ai na ga duk ta kwanta a ƙasa, shi ne na girgiza maka ita kamar kunun aya, don ta haɗu." Har da nuna mini yadda ya yi da hannu biyu.

Maigida ya tace ragowar da ƙyalle ya zuba a miyar nama, kuɗin kwalbar kuma daga ladana za a cire. Yaron ya ce in na tashi gida in rage masa hanya, wai ƙafarsa na ciwo.