Kanta da farar shaddar surukina

Kun dai san Kantar nan tawa, motar ɗaukar kaya. Na ɗauko masara zan kai kasuwar Tudun Hatsi a Gombe, dare ya yi, na ajiye ta a ƙofar gidan surukaina a Pantami. Da asuba sanyin hunturu har ƙashi. Na murɗa makulli, na jira fitilar hita ta mutu, na yi kik. Gur-gur-gur, sai farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas. Na yi ta yi har batir ya fara nishi. Injin gas ai ba tartsatsi yake jira ba, iska yake matsewa ta yi zafi. In ƙarfe ya yi sanyi kuma hita ba ta ɗumama masa ba, sai dai haƙuri. Ni kuwa bai daɗe ba da Sale makanike ya sa mini sababbi guda huɗu.

Daidai nan aka fito masallaci. Baba ya tsaya. "Lafiya, Habu?" Na diro na durƙusa. "Lafiya lau, Baba, ɗumama ta nake." Ya dubi hayaƙin, ya dubi jama'a. "A taimaka wa yaron nan."

Ladan, na'ibi, har tsohon nan mai sanda, kowa ya kama mota da lodinta. Baba da kansa ya naɗe hannun riga ya tsaya ta wajen salansa. Na so in ce ya matsa, to wa ke ce wa suruki ya matsa? Na sa giya ta biyu, na saki kuloci. Ta yi tari, ta sake yi, sannan ta amayo baƙin hayaƙi gaba ɗaya a kan farar shaddarsa. Ina kallo ta madubi. Bai ce komai ba. Ya cire hula, ya kakkaɓe, ya duba cikinta, ya mayar. Motar kuma ta mutu a gaban teburin Ɗan'iya.

Ɗan'iya ko yatsa bai sa ba. Yana sheƙa shayi yana ba da fatawa: a zuba fetur ta bakin iska, a hura gawayi ƙarƙashin injin. Mutumin da ko keke bai taɓa mallaka ba! Kuma har yau bai biya ni kuɗin bencinan da na ɗauko masa daga Kumo ba, in na yi magana ya ce ai hanyata ce.

Sale ya iso da hantsi, ya kwance hitocin ya jona da batir. Mai lafiya cikin 'yan daƙiƙu bakinta ke yin ja. Ko ɗaya ba ta yi ba.

"Oga, na wutar bolt 12 ne, motarka kuwa 24 ce. Sun ƙone."

"Wa ya sa su?"

"Yaron shago ne ya ba ni."

Shaddar tana wurin mai wanki. Maman Ummi ta ce kada in je gaisuwa tukuna.