Ɗan Gilashin da Ya Gagari Damagaram

Duk wanda ya fasa mini gilashin mota, in Allah ya sa wani ya karanta masa wannan, ina so ya sani bai iya sana'arsa ba. Motata tsohuwar Corolla ce ƙirar 1998, kuma ƙofarta ta baya ta hannun dama ba ta kulluwa tun kafin in saye ta. Ƴaƴana sun sani, almajiran unguwarmu sun sani, in rana ta yi zafi har barci suke shiga yi. Da ya ja hannun ƙofar kawai, da ta buɗe masa cikin ladabi. Amma bawan Allah ya tsallake wannan rahama, ya nemi ɗan gilashin nan mai kusurwa uku da ke ƙarshen ƙofar, wanda ba ya hawa ba ya sauka, ya tarwatsa shi, ya zura hannu ya buɗe ƙofar da take a buɗe.

Ɗaurin aure muka je Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Wanda ya san Birni ya san ba a yi lungunanta don mota ba, sai na ajiye ta bakin titi muka ƙarasa da ƙafa. Aka shafa fatiha, na cika aljihu da goro da dabino, na fito ina ta gaisawa da jama'a, sai na tarar da kujerar baya cike da ɓaraguzan gilashi kamar an zubar da tsakin masara. Jakar da na bari a kai babu ita. Baƙa ce, irin ta saka kwamfuta, kuma na tabbata ita ta ruɗe shi. Abin da ke ciki takardun jarrabawar lissafi ne na ƴan ajina, ko ɗaya ban gyara ba, sai jan bik guda da ragowar ƙuli-ƙuli.

Ban taɓa ganin jaje mai annuri irin wanda ɗalibaina suka yi mini ba. "Mushe, Allah ya mayar da alheri," suke cewa, baki har kunne (Mushe, wato Malam). Wani yaro da bai taɓa wuce 4 bisa 20 ba ya rantse mini cewa a wannan jarrabawar da aka sace ne ya ci 18.

Da dare a fadarmu, kafin shayi na farko ya sauka, kowa ya zama masanin ɓarayi. Wani ya ce da farin tangaran ɗin jikin buji suke yi, a fasa shi a jefi gilashi da ɗan ɓallinsa, ya ruguje ba tare da wata ƙara ba. Wani ya ce ai mutanen wajen gari ne, don ɗan Damagaram ba zai yi wannan ba, muka bar shi da imaninsa. Shi kuwa mai dafa mana shayi ya ce in gode wa Allah, ɓarawon nan mai tausayi ne, tunda ya bar babban gilashi ya fasa ƙarami. Na yafe masa wannan magana, don bai taɓa fita neman ƙaramin ba. Aka tambayi asirans, wato inshorar mota. Tawa irin wadda doka ta tilasta ce, mai biyan wanda ka buge, babu ruwanta da wanda ya buge ka da dutse.

Lokacin kuwa tsakiyar hunturu ne, iskar nan mai zuwa da ƙurar Sahara tana kaɗawa ba dare ba rana. Na fara toshe wurin da baƙar leda. Da na hau kwalta sai ta riƙa fat-fat-fat, ƴan kabu-kabu suna wuce ni suna nuna mini taya. Na cire leda na koma kwali. Mai shagon kusa da gidanmu ya ba ni kwalin madara, ɗana ya yanka daidai ramin, aka liƙe da salatif. Sai da muka ja baya muka ga abin da ya yanko: fuskar saniya ce cif, ido ɗaya da hanci, tana leƙen titi daga cikin motata. Kafin la'asar yaran unguwa sun raɗa mata suna motar nagge, in na wuce su bi ni da kukan shanu.

Uwargida ta daina shiga sai dole. In za mu gidan biki, tun daga nesa za ta ce, "Baban Nana, sauke ni nan, ina so in ɗan taka." Matar da ko shagon unguwa aike take yi. Amma wanda ya fi ci mini rai ranar da na ɗauko surukata daga asibiti ne. Salatif ya saki a hanya, saniya ta faɗa ciki, ƙura ta bi ta. Hajiya ba ta ce uffan ba. Da muka isa ta fito, ta kakkaɓe mayafinta a hankali, ta dubi motar, ta dubi ƙasa, ta ce, "Allah ya buɗa, Malam." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Sai na shiga kas-kas ɗin gari, wuraren masu sayar da kayan mota na hannu. Ko'ina amsa ɗaya ce: babban muna da shi, na gaba muna da shi, ƙaramin ne dai sai an duba. Ashe kowane ɓarawo irin tausayin nan yake yi, shi ya sa ƙaramin ya fi kowane ƙarewa. Ga shi kuma Corolla ba iri ɗaya ba ce. Wadda aka yi wa Turai daban, ta Amurka daban, mai but daban, mai guntun baya daban, doguwa daban, kowace da yankan gilashinta. Wani ya ɗora laifin kan iyakar Benin da aka rufe a 2023, wai kayan Kotonu sun yi wuya, alhali ƙurar da ke kan kayan shagonsa ta girmi rufe iyakar. A wani kas ɗin na ga abina da idona, a jikin wata jar ƙofa da aka jingine. Na ce a cire mini.

"Haba Mushe, in na cire wa ƙofa gilashi wa zai saye ta? Ɗauki ƙofar gaba ɗaya, jaka 60."

Motata ruwan toka ce. Na tsaya ina auna saniya da jar ƙofa, na ga gara saniya, ita aƙalla kyauta ce.

Abin ya ba ni haushi ƙwarai. Garin da a ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimu, aka ƙera igwa a cikinsa. Garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926 kafin a mayar Yamai. Garin da tun 2011 ake tace fetur a arewacinsa. A ce wannan gari ya rasa gilashin da bai fi tafin hannu biyu ba.

Ana cikin haka wani abokin aikina ya kai ni wurin mai yankan gilashin tagogin gidaje, irin masu aikin alminiyom. Mutum ne mai yarda da kansa. Ya dubi ramin, ya yi dariya, ya ce wannan ai aikin minti biyar ne, in je in sayo kowane babban gilashin ƙofa mai araha ya yanka mini daga ciki. Na sayo na jaka 12. Ya shimfiɗa tsohon bargo kan tebur, ya ɗora gilashin, ya goge shi da hannun riga, ya ɗora saniyata a kai ya zana iyakarta. Ya ɗauko abin yankansa mai ɗan ƙaramin wili a baki, ya tsoma a kananzir, ya yi bisimilla, ya ja layi. Layin ya ƙi kamawa. Ya ƙara dannawa, ya sake ja. Sannan ya kawo filaya ya kama gefen, ya ce mini, "Kalli nan." Ina kallo kuwa na ji tau! Gilashin nan duka ya zama tsakuwa, babu ko guntun da ya kai ƙumba, yana ta ƙas-ƙas a kan bargon shi kaɗai. Mai yanka ya daɗe riƙe da filayar. Can ya ce, "Wannan gilashin an yi masa asiri."

Sai a gareji tsohon bakaniken da ke duba mini mota ya warware mini asirin, bayan ya gama dariya har da riƙe ciki. Ya ce gilashin gefe gasasshe ne. Ana yanka shi tukuna, a ba shi siffarsa, sannan a gasa shi a zafin da ya wuce digiri 600, a huce shi da iska farat ɗaya. Daga nan ba ya ƙara yankuwa har abada, ka taɓa shi ya watse ƙanana-ƙanana, kuma da gangan aka yi haka don kada ya yanka mutum in an yi hatsari. Na gaba ne mai falle biyu da roba a tsakani, shi ya sa yake tsagewa ya tsaya a wurinsa. Ya ce, "Da ka tambaye ni, Mushe." Na ce ai shi mai yankan ma bai tambaye ka ba.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Bakanike ya ce magana ɗaya ce ta rage, Kano. Ina da ɗan kawu a can, kuma kasuwar Ƙofar Ruwa ba ta rasa kayan mota. Na tura masa saƙon murya ta WhatsApp, na faɗi ƙirar mota, na ce na baya, ƙarami, hannun dama. Ya ce a haɗo da hoto. Wayata ba caji, yaron gareji ya ɗauka da tasa. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne kyamararsa ta baya ta mutu tun bara, da ta gaba yake ɗaukar komai, ita kuwa juya hoto take yi, dama ta koma hagu.

Gilashi ya taso daga Kano a hannun wani direba, ya bi ta Kazaure da Daura, ya tsallaka Ɗan Barto, ya ratsa Matamaye, tafiyar kilomita wajen 240, naɗe cikin tsohon zani da kwali. Na karɓo shi a tasha na rungume har gareji. Bakanike ya kwance, ya kara a ramin, ya juya, ya sake karawa, ya kifa shi. Sai ya miƙo mini ya ce, "Lafiyayye ne. In an fasa maka na hagu ka huta." Gilashin yana da ɗan lanƙwasa, in ka juya shi cikinsa ya koma waje, roba ba za ta kama ba.

Na kira Kano. Ɗan kawuna ya ce, "Yaya, ka ce dama, hoto ya ce hagu, mai kaya ya ce hoto ba ya ƙarya. Kuma damar taka in kana cikin mota ce ko in kana tsaye gabanta?" Na ce a mayar. Ya ce kayan da suka tsallaka iyaka ba sa komawa, sai dai a sake saye. Yaron gareji kuwa tun da ya ji an ambaci hoto ya tafi sayen ruwa, bai dawo ba sai bayan magariba.

Na biyun da ya iso, na zauna kan tsohuwar taya na kafa wa aikin ido. Ashe ɗan abin nan ba ya shiga sai an yi wa ƙofa tsirara. Bakanike ya zare hannun winda, ya ɓalle murfin ƙofar, maɓallan roba suna karyewa ɗaya-ɗaya yana cewa ba komai. Ya ɗaye ledar ciki, ya sauke babban gilashin har ƙasa, ya kwance siririn ƙarfen da ya raba su biyun. Ya nuna mini hatimin da ke kusurwar sabon, sunan Toyota da harafin E cikin da'ira, ya ce na asali ne. Sannan ya sa masa robarsa, ya shafa ruwan omo a gefen, ya tura da tafin hannu a hankali. Ni dai numfashina ya tsaya, don na ga abin da filaya ta yi. Sai ji na yi lup, ya zauna. Yaro ya zura hannu ƙasan ƙofar ya yi ta kwaso tsakuwar tsohon gilashin, ya cika gwangwanin tumatir, amma har yau in na faɗa rami ƙofar sai ta yi mini kacau-kacau. Bakanike ya karɓi jaka 5, ya ce kuɗin maɓallan da ya karya na ciki.

Saura na hagu. Na ɗora shi saman kabad, na shiga cigiyar mai saye. Na faɗa a fada, na faɗa a makaranta, na faɗa wa masu kas, har bayan sallar Juma'a na tsaya ina gaya wa mutane cewa duk wanda aka fasa wa ƙaramin gilashin Corolla na hagu, ya neme ni. Gari duka ya sani.

Ba a daɗe ba wata safiya aka yi sallama. Na fito na ga Alhajin da ke bayan layinmu, mai Corolla irin tawa sak. Daren jiya an fasa masa gilashi a ƙofar gida. Ƙarami. Na hagu. Muka gaisa, na yi masa jaje, ya amsa yana kallona tun daga hula har takalmi.

"Mushe, an ce kana da shi a ajiye."

Na ce ina da shi, Alhaji.

"Ikon Allah. Ka kuwa shirya da wuri."

Na fara ba shi labarin Ƙofar Ruwa da kyamarar yaron gareji, na ga ina ƙara bayani yana ƙara gyaɗa kai, sai na yi shiru na shiga na ɗauko. Na faɗa masa abin da na kashe, ban ƙara ko dala ba. Alhaji ya zaro kuɗi ya ƙirga rabi ya miƙo mini, ya ce sauran rabin mu bar wa Allah, tunda shi ya san wanda ya fasa.