Ba Disney Ne Ya Fara Dogon Fim Na Katun Ba

Da an ce dogon fim na katun na farko, sai mutane su nuna Snow White, wanda Walt Disney ya fitar a Amurka a 1937. Ai kuwa an riga shi da shekara 11. A 1926 wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta fito da Die Abenteuer des Prinzen Achmed, labarin Yarima Ahmad da ta tsamo daga Dare Dubu da Ɗaya, har da Aladdin da fitilarsa.

Ba zane ta yi ba. Almakashi ta sa ta yanka siffofin mutane da dokin sihiri daga baƙin kwali, ta haɗa gaɓoɓinsu da waya, ta shimfiɗa su kan gilashi da fitila a ƙasa. A ɗan motsa hannu, a ɗauki hoto, a sake motsawa. Haka aka yi ta fama shekara uku! Dabarar daga wasan inuwa na Asiya ta samo asali, inda ake nuna inuwar 'yan tsana a jikin labule. Fim ɗin ba magana, sai kiɗa da rubutu.

Ko ita ma an riga ta: Quirino Cristiani ya yi nasa a Ajantina a 1917, gobara ta cinye shi. Nata ne mafi tsufa da ya rage.