Yaron da bakinsa ya yi nauyi, a fara duba kunnensa

A nan Ingila, jariri bai cika wata guda ba ake saka masa wani ɗan abu mai laushi a kunne, na'ura ta aika sauti ta saurari amsar da kunnen ya mayar. Minti kaɗan ne, yana barcinsa. Tun 2006 ake yi wa kowane jariri haka. In ya shekara 2, ana so kalmominsa su kai kamar 50, ya riƙa haɗa biyu: "ba ruwa", "Baba tafi". In ba su kai ba, yawanci gwajin ji ake fara yi kafin mai koyar da magana ta karɓe shi.

A gida kuwa sai ka ji kaka ta ce, "Ku ƙyale shi, ubansa ma sai da ya shekara huɗu." Ko a kai shi wurin wanzami a yanke linzami, alhali linzami ba ya hana yaro tara kalmomi. Abin da bai ji ba ne ba zai faɗa ba. Sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani a makon haihuwa, kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya, duk suna iya kashe ji. Akwai kuma ruwan da ke taruwa bayan dodon kunne ba ciwo ba zazzaɓi, yaro yana jin magana kamar daga cikin rijiya, ana ta yi masa faɗa wai taurin kai. Ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, ga sashen kunne na asibitocin koyarwa. A je.

Amma Turai ma da nata. Layin jira kan ɗauki watanni, yaro na ɗaki shi da waya, ba yayye ba tsakar gida. Abin da ya fi ci mini rai shi ne iyayenmu da ke daina yi wa yaro Hausa wai harshe biyu ke rikita shi. Masu koyar da magana da kansu cewa suke a riƙe harshen gida.

Aikin da suke ba uwa ba ya buƙatar kuɗi, minti 10 ne kullum. Ki durƙusa, fuskarki daidai tasa. Kada ki ce "ce kofi". Ɗaga biyu ki tambaya, "Kunu ko madara?" Sannan ki yi shiru, ki ƙirga goma a zuci, nan ne yawancinmu ke gazawa, mu amsa masa. In ya ce "mota", ki ƙara masa kaɗan: "mota ta tafi". In ya ce "tota", kada ki gyara, maimaita daidai kawai, ku ci gaba da wasa.