Kun taƙaita Diamant-Berger da yawa

Labarinku kan finafinan takobi na Faransa, na zamanin da fim ba ya magana, ya yi daɗi, amma layi ɗaya tak kuka ba darakta Henri Diamant-Berger. Haba jama'a! Shi ne fa a 1921 ya mayar da littafin marubuci Alexandre Dumas, Les Trois Mousquetaires, fim mai kashi 12, Aimé Simon-Girard ya fito a d'Artagnan, gwarzon labarin. A shekarar Douglas Fairbanks ya yi nasa a Amurka, tsalle-tsalle ne ƙarfinsa. Ni dai na Faransa ya fi kwanta mini, don ya bi labarin a tsanake, har makircin Milady, muguwar matar labarin, ya samu wurin miƙe ƙafa. Da sauti ya zo, Diamant-Berger ya sake yin sa a 1932, da Simon-Girard ɗin nan dai.