Ɗaga jeep ba shi ke hana ta bugun dutse ba

Masu kai Prado ko Hilux Panteka a ɗaga musu, wai shikenan ƙasan mota ya daina bugun dutse, ba haka bane wallahi. Canza shoka da sifirin, bodi yake ɗagawa, amma aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, da wannan tulun nasa na tsakiya suna nan inda suke, taya ce kaɗai ke ɗaga su, shima rabin abinda ka ƙara zaka samu, in sabuwar taya ta fi tsohuwar tsayi da inci 2 to inci 1 ne naka. In ka sa babbar taya kuma ga shan mai, birki baya kamawa kamar da, mita ta dinga nuna gudu ƙasa da wanda kake yi. A kwana kuma sai a hankali, motar da tayi sama saurin kifewa gareta.