Boila ta yi yaji, suruka tana gida

Galibin gidajen da za ka shiga a Ingila akwai wani farin akwati maƙale a bangon kicin, yawanci a ɓoye cikin kabad. Ita ce boila. Da gas take aiki, ita ke dafa ruwan da ke zagaya hitocin bango, ita kuma ke ba ka ruwan zafi da ka murɗa famfo. Ba mai ko kallonta sai ranar da ta yi yaji. Tamu kuwa ta iya zaɓen rana: wata Lahadi cikin Disambar 2022, a kwanakin da sanyi ya kai digiri 17 ƙasa da sifili a Braemar ta Sikotilan, mu ma a Bradford motoci suka wayi gari fari fat. Ga jaririya ko sati biyu ba ta yi ba. Ga surukata, Hajiya, ta taso takanas daga Kano don wankan jego.

Dama tun zuwanta ba ta gamsu da ruwan gidanmu ba. An saita na famfo a digiri 60, ta tsoma yatsa ta ce wannan ai na alwala ne. Ni da ita ban da gaisuwa ba ma magana kai tsaye, gaisuwar ma a tsugune, ido a ƙasa. Don haka ta bakin uwargida saƙon ya iso mini da asuba: "Mama ta ce a gaya wa mai gidan nan, ruwan ya koma na randa."

Kafin a ɗora wa boila laifi akwai wuraren da ake fara leƙawa, don sau da yawa ba ita ba ce. Na kunna murhun girki, wuta ta kama shuɗiya, ke nan gas yana shigowa. Wanda mitarsa ta kati ce sai ya duba ko kuɗi ya ƙare, don mita takan rufe gas da kanta, kuma ko ka sa kuɗin sai ka danna maɓallin jikinta kafin ta buɗe. Akwatin fiyus lafiya lau. Na canza wa na'urar saita ɗumi ta falo batir, shiru. Na bi kicin ina shinshinawa. Da na ji warin gas da zancen ya sauya: a buɗe tagogi, a rufe gas daga mita, kada a taɓa makunnin lantarki ko ashana, kowa ya fita, a kira layin gaggawa na gas, 0800 111 999. Babu wari, sai na koma na fuskanci mutuniyar.

A fuskarta akwai ɗan agogo mai allura ɗaya da ke nuna matsin ruwan cikin bututan hita. Idan boila a huce take, wurin allurar tsakanin 1 da 1.5 ne. Tamu tana kwance ƙasa da 0.5. Idan ruwa ya yi ƙasa haka boila kulle kanta take yi, don kada ta hura wuta alhali ba abin dafawa. Kowane kamfani da yadda yake faɗin hakan a allonsa: Vaillant takan rubuta F22, Ideal F1, Baxi E119, duk kuka ɗaya ne, a ƙara ruwa.

Na kira wani abokina ɗan Katsina da ya riga ni zuwa ƙasar da nisa, ta bidiyo, na haska masa ƙasan boilar.

"Ka ga wani gajeren tiyo saƙaƙƙe mai launin azurfa? Da makunni biyu, ɗaya a kowane baki?"

"Na gani."

"Buɗe su."

"Duka?"

"Duka mana, Malam, ruwa ne ba gas ba. To, da ka ga allurar ta..."

Nan hoton ya daskare, bakinsa a buɗe. Abin da ya rage a bakin nasa shi ne: a kashe boila tukuna, a buɗe makunni ɗaya, ɗayan kuma a murɗa shi kaɗan-kaɗan ido na kan agogo, allura na kaiwa 1.2 ko kusa da haka a rufe su duka biyu ƙam. Aikin 'yan daƙiƙoƙi ne, don ruwan famfon gari da ƙarfinsa yake shiga. Kafin in gama "Alhaji? Alhaji, kana ji na?" allura ta haye kore, ta shiga ja, ta dire a kan 3. Sai na ji shaaa daga bayan gida. Boila tana da bawul na kariya wanda ke buɗewa da kansa a kan 3, ya watsar da rarar ruwan ta wani siririn bututun jan ƙarfe da ke leƙe a bangon waje. Ya yi aikinsa yadda ya kamata, ya malale mana dandamalin bayan gida. A riƙe wannan ruwan a zuci, za mu sake haɗuwa da shi.

Rage matsi kuma ta jikin hita ake yi. A saman kowace hita, daga gefe, akwai ɗan kusa mai kai murabba'i, da ɗan makullinsa da ake sayarwa a shagon kayan gini. Ka murɗa kamar kwata, iska ta fara fita da tsaki, ruwa ya biyo, ka tara kofi har allura ta sauko. Sai dai ruwan hita ba ruwan sha ba ne, baƙi ne wuluk saboda tsatsar ƙarfen da yake ta zagayawa da ita shekara da shekaru, kuma da matsi irin wannan ba ɗiga yake yi ba, feshi yake yi. Hitar da ta fi kusa da ni ita ce wadda Hajiya ta shanya farin hijabinta na salla.

"Mama ta ce ba komai."

Duk wanda ya yi zaman surukuta ya san nauyin wannan ba komai ɗin.

Allura ta dawo 1.3. Na danna maɓallin sake tayarwa. Fanka ta juya, na ji ƙyas-ƙyas na kunna wuta, sai wani ƙulu-ƙulu daga cikinta kamar mai kurkure baki, ta sake mutuwa da sabuwar lamba a allo. A nan ne mutum zai so ya yi ta dannawa har ta gaji ta tashi. Kada a yi. Sau ɗaya ko biyu ya isa, in ta ƙi to akwai dalilin da ya sa ta kulle kanta.

Na kira ejan ɗin da ya ba mu hayar gidan. Lahadi ce, murya ce kawai a na'ura tana gode mini da haƙurina. Dokar haya ta 1985, sashe na 11, ta ɗora wa mai gidan haya gyaran ɗumin gida da ruwan zafi, wata dokar kuma ta ce duk shekara dole ya sa a duba kayan gas ya ba ɗan haya takardar shaida. Doka dai ba ta zuwa da sifana. Da aka kira ni daga baya sai aka ce injiniya mafi kusa sai Laraba, rabin gari na layi. Buɗe murfin boilar da kaina kuwa ba ta taso ba. Tun Afrilun 2009 ba mai taɓa cikin kayan gas a Ingila sai wanda ke da rajistar masu aikin gas, wato Gas Safe. Abin da aka bar wa ɗan haya shi ne na waje: ƙara ruwa, fitar da iska, danna maɓalli.

Gida ya fara zama firji. Ɗakin jariri ana so ya tsaya tsakanin digiri 16 da 20, don haka muka tattaru ɗaki ɗaya da 'yar hitar lantarki mai fanka, muka toshe ƙasan ƙofa da tawul. Hitar kilowat 2 take ci. Wuta a lokacin fens 34 ce kowane yunit, wato fens 68 duk awa, ina jin ƙarar fankar ina lissafi. Hajiya a kusurwar can ta juya baya, ni a kusurwar nan ina karatun bango. Wankan jego kuma bai san boila ba. Ketil ɗinmu lita 1.7 take ɗauka, ga bokiti ga matakala, na zama ɗan ga-ruwa a gidana.

Can sai wani saƙon: "Mama ta ce ta ga buhun gawayi a ɗakin ajiya, a hura kasko a kawo."

Wannan kam dole na tsaya. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba wari ba launi, ciwon kai ne da jiri da barci, daga barcin kuma shi ke nan. Ko a gida lokacin hunturu tana ɗaukar rai, balle nan da tagogi gilashi biyu ne, ko iska ba ta shiga. Amma ba a ce wa suruka a'a. Na nuna wa uwargida ƙararrawar gano iskar, wadda tun Oktoban 2022 doka ta tilasta wa masu gidajen haya a Ingila su sa a ɗakin da boila take, na ce ki gaya wa Mama wannan abin zai tara mana unguwa da motar kwana-kwana. Tara unguwa ne ya yi aiki.

Maƙwabcinmu, wani tsohon Bature da ya yi ritaya, shi ya gano zancen. Ya leƙo ta katanga da rigar barci da kofin shayi, ya nuna wani farin bututun roba da ya fito daga bangon kicin ɗinmu ya gangara zuwa kwata. Bakinsa ƙanƙara ce ta yi masa gemu. Ya ce haka aka yi a ƙarshen Fabrairun 2018 da sanyin nan ya taso daga gabas, layin gaba ɗaya.

Tun Afrilun 2005 kusan duk sabuwar boilar gas da za a sa a Ingila dole ta zama irin wadda ke tatse zafin hayaƙinta kafin ta sake shi. Tatsar ce ke mayar da tururi ruwa, ɗan ruwa mai tsami-tsami, har kusan lita 2 a awa idan tana aiki sosai, kuma ta wannan farin bututun yake fita. Ɗis-ɗis yake tafiya, don haka in bututun siriri ne kuma a waje yake, sai ya daskare, musamman a baki da wurin lanƙwasa. Ruwa ya rasa hanya ya koma cikin boila, ga ƙulu-ƙulun da na ji, ita kuma ta kashe kanta. Matsala biyu ke nan suka haɗu mana a dare ɗaya, ta farko ta ɓoye ta biyu.

Maganinsa ruwan ɗumi. Hajiya na ji ta aiko da tukunya tana tafarfasa. Tafasasshe yana iya fasa roba mai sanyi ko ya saki mahaɗinta, don haka na sirka shi rabi da rabi da na famfo, yadda hannu zai iya jurewa, ba tare da labari ya koma sama ba. Kayan aikin da ya fi dacewa da wannan, na rantse, butar alwala ce, bakinta siriri, ruwan na sauka inda ka nufa. Ka fara daga bakin bututun ka yi sama, ka daɗe a kan lanƙwasa, ka sake cikowa. In bututun ya fi ƙarfin tsayinka kada ka hau tsani a kan ƙanƙara, bar wa masu aikin. Namu a ƙasa yake. Ana cikin haka na ji ƙaras, wani dogon sandan ƙanƙara ya zamo, ruwa ya biyo shi.

Na juya da buta a hannu zan kai albishir, na taka dandamali. Ruwan nan na ɗazu ya zama gilashi. Silifas ɗaya ya yi gabas, buta ta yi yamma, ni na sauka a kan abin zama, ƙafafu sama, jallabiya ta yi abin da ta ga dama. Bature ya ce wani abu a cikin kofinsa. Da na ɗaga kai sai na ga labulen tagar sama yana komawa a hankali. Har yau ba wanda ya tayar da zancen, sai dai da daddare an aiko mini da man zafi ba tare da bayani ba.

Danna ɗaya boila ta kama. Hitoci suka fara ƙas-ƙas, kafin la'asar mun watse kowa ya koma ɗakinsa.

Injiniya ya zo Laraba. Na karɓi katinsa na Gas Safe, na duba hoto da lamba da ranar ƙarewa, na juya baya inda aka jera irin aikin da aka yarje masa. Tambayarsa ta farko ita ce ina ruwan ya tafi tun asali, don bututan hita a rufe suke, ruwa ba ya raguwa haka kawai. A cikin boila akwai wata 'yar tanki mai roba a tsakiya, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya iska mai matsin kusan 1, da bawul irin na tayar mota. Ita ke shanye kumburin ruwa idan ya yi zafi. Tamu iskarta ta sace, saboda haka duk sanda aka kunna hita matsi ya haura, bawul ɗin kariya ya zubar da kaɗan, in an huce allura ta faɗi. Alamarsa ke nan: allura sama idan da zafi, ƙasa idan da sanyi. Ya buga mata iska da famfo. Ya canza bawul ɗin kariya, don wanda ya taɓa buɗewa yakan riƙe datti a bakinsa ya yi ta yoyo. Farin bututun waje kuma ya cire na milimita 21.5 ya sa na 32, ya gyara masa gangara, ya naɗe shi da soson da ba ya shan ruwa. Takardar kuɗi ta tafi wurin mai gidan haya.

Yana haɗa kayansa uwargida ta leƙo kicin. "Mama ta ce tun da mai gyaran ya zo, a tambaye shi ko zai iya sa famfon ya riƙa tafasa."